Sunanta Kaltume

Ku 'ya'yana, kun taso kun tarar ana cewa ubanku ya yi abin kunya a wurin makoki, wai shi ya sa ba ma shiga gidan Baffanku Modu sai ya zama dole. Kowa ya ba ku labarin yadda ya yi masa daɗi. Ni ban yi boko mai nisa ba, ina aji huɗu aka cire ni aka zaunar da ni a rumfa, saboda haka kada ku nemi zaƙin magana a wurina. Abin da na gani da idona zan faɗa, wanda ya ji haushi ya ji.

Kakanku Alhaji Bukar daga Barno ya zo Mubi da fataucin kanwa da banda, ya yi gida a Yelwa, ya yi rumfa a kasuwa. Mu biyu ne maza a wurinsa, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Modu babba, sai ni Umara. Kakarku kuwa, mu Iya muke ce mata. Alhaji in zai kira ta sai ya yi gyaran murya ya ce "ke", in kuma a zaure yake maganarta sai ya ce "mutanen gida". Matan gari suna ce mata Mai Turare, don ita ke haɗa turaren wuta da humra irin na Barno, ba a kai amarya ɗaki a unguwarmu ba tare da kaskonta ya yi hayaƙi ba. Da ta manyanta Alhaji ya daina yi mata kulle, tana ɗaukar kwandonta ta shiga gidaje da ƙafarta, ta tsallaka mayo, wato rafin garin, ta je Lamorde, wani lokaci har Wuro Patuji. Tana jin Barbarci da Fillanci da Hausa, tana kuma taɓa Gude gwargwadon ciniki da gaisuwa. Har na yi gemu ban taɓa jin wani mahaluƙi ya faɗi sunanta na yanka ba. Ban ma taɓa tunanin tana da shi ba. Haka muka taso, haka kowa ya taso.

A lokacin nan ƙasarmu ba Najeriya ba ce, ba kuma Kamaru ba, muna rataye a tsakani, Turawa na riƙe da mu. Aka yi ƙuri'ar farko ta raba gardama, maza kaɗai suka jefa, ba ta yanke komai ba. Da za a yi ta biyu sai aka ce wannan karon har da mata. Gari ya ɗauki surutu. Wasu suka ce dabara ce ta sa wa mata haraji, wasu suka ce duk wadda aka rubuta sunanta za a kai ta bariki. Alhaji yana cikin waɗanda suka fi kowa zafi. Ina tsugune ina wanke hannu a tsakar gida ran da suka yi maganar da Iya.

"Ƙuri'a abin maza ce," in ji shi. "Ba za a ce iyalina ta tsaya a layi ƙartai na ƙare mata kallo ba."

Iya tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Alhaji, inda za a kai ƙasar nan, da ni za a tafi, ko a nan za a bar ni?"

Can ya ce, "In kin fita, ba da yawuna ba."

Ta ce, "Na ji."

Washegari ta yafa gyalenta ta ce in raka ta inda ake rubuta sunaye. A ƙarƙashin wata bishiyar ɗorawa aka kafa tebur, wani malami ɗan saurayi yana zaune da alƙalami, mata ba su fi a ƙirga da yatsu ba, su ma duk tsofaffi. Malamin ya san ni daga rumfa. Ya dube ta ya ce, "Matar Alhaji Bukar ko? Haka zan rubuta."

Ta ce, "Alhaji an rubuta shi tun shekaranjiya. Ni ce a gabanka."

"To Hajiya, yaya sunan?"

Ta juyo ta dube ni, na ga kunya ta taso mata har wuya, don ɗanta na tsaye. Ni ma na sunkuyar da kai. Amma ba ta ce in matsa ba. Ta buɗe baki ta ce, "Kaltume." Malamin bai ji ba, ya kawo kunne. Ta sake faɗa da ƙarfi, har matan da ke baya suka ɗago. A hanyar komawa, sai da muka kusa gida sannan ta yi 'yar dariya ita kaɗai ta ce, "Rabon da in ji shi tun a bakin mahaifiyata. Ashe yana nan."

Daga ranar ta mayar da kwandon turarenta makaranta. A ƙasan kwandon tana ɗauke da ƙwarya biyu da ganyen mangwaro. In ta shiga gida ta gama ciniki, sai ta kafa ƙwaryar nan biyu a ɗaki ta ce wannan Najeriya, wannan Kamaru, ta ba mace ganye ta ce shiga ke kaɗai ki saka inda zuciyarki ta kwanta, ba mai ganinki, ko mijinki. Mata suna dariya suna yi, wasu su saka ganyen a baki don wasa. Ba ta taɓa ce wa kowa ga inda za ta saka ba, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya san inda ita ta saka tata. Maganar haraji kuwa sai ta ce musu, "Ga ni an rubuta ni, kun ga ɗan doka a ƙofata?" Alhaji ya ƙaurace wa tuwonta, daga kasuwa ake kawo masa abinci, ya daina amsa gaisuwarta ta safe. Ba ta fasa durƙusawa ta gaishe shi ba, ba ta kuma fasa fita ba.

Ranar ƙuri'a na ga abin da ban sake gani ba. Layin mata ya fi na maza tsawo a wajenmu. Fulani da Barebari da Gude da Kamwe, masu goyo da masu sanda, wasu tun da aka kawo su ɗakin miji ba su taɓa ganin bakin kasuwa ba. Iya tana kai da kawowa tana gyara layi, tana riƙe wa wata jariri. Da hantsi sai ga motar manya ta tsaya, suka fito suna mamaki. Ban san lokacin da Alhaji ya iso ba, sai dai na gan shi a gaban layin da babbar rigarsa ta Juma'a. Wani daga cikin manyan ya kama hannunsa ya ce, "Alhaji Bukar, wannan aikinka ne?" Ya shafa gemu ya ce, "To, mun dai yi abin da za mu iya." Ubana ne, Allah ya jiƙansa, bai taɓa barinmu da yunwa ba, amma abin da ya faɗa ke nan, kuma ina tsaye. A kan wannan aka ba shi kujera a majalisar gari, a kan wannan ya zama mutumin da ake tashi in ya shigo. Da na yi wa Iya ƙorafi sai ta ce, "Bar shi. Takardata ta faɗa akwati ko ba ta faɗa ba?" Bayan mun zama Najeriya aka zo wani zaɓe, ta ɗauko gyale, na ce mata an ce ban da mata. Ta ninke gyalen ta mayar cikin adaka, ta ce, "Ashe aro aka ba mu." Sau ɗayan nan ne ta jefa ƙuri'a a duniya.

Bayan an gama yaƙin basasa Alhaji ya kwanta ciwon ciki, bai tashi ba. Yaya Modu ya aika aka yi sanarwa a rediyo. Muna zaune a tabarmar makoki aka ƙure murya, muka ji an jero sunansa da na ubansa da garin da ya fito, attajiri, ɗan majalisa, mai taimakon addini, wanda ya wayar da kan matan Mubi ya fito da su ranar ƙuri'a. Ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu da jikoki. Ko a cikin abin da ya bari ba a ambaci matarsa ba. Mutane suna ta gyaɗa kai suna cewa gaskiya ne. Na shiga cikin gida na tarar da Iya a ɗakin takaba, ta ji komai ta kan katanga. Na ce, "Iya, kin ji?" Ta ce, "Na ji. Sun iya karatu."

Ba ta fita takabar ba. Zazzaɓi ya kama ta, abin kamar wasa, ana saura 'yan kwanaki a yi sadakar arba'in ta Alhaji, ita ma ta rasu. Muka kai ta muka dawo. Na sami Yaya Modu a zaure na ce a aika rediyo kamar yadda aka yi wa Baba.

Ya dube ni kamar na zage shi. "Sunan Iya a rediyo? A ji shi a teburin mai shayi da tashar mota, 'yan kamasho suna tauna goro suna maimaitawa? Umara, kana da hankali kuwa?"

Na ce, "An ji na Baba a can, bai ragu da komai ba."

"Baba namiji ne. Mace ta gari darajarta ke nan, ta zo duniya ta koma ba a ji ta a waje ba. Mun suturta ta da ƙasa, mu suturta ta da baki."

Ba zan yi masa ƙarya ba, yana faɗa idonsa na zubar da hawaye. Shi ne ɗan fari, ita ba ta taɓa kiran sunansa ba, shi ma bai taɓa zama kusa da ita ya yi hira ba, amma duk Mubi ba wanda ya kai shi sonta. A wurinsa shirun nan shi ne girmamawa. Ya yanke cewa za a haɗa sadakar uku ɗinta da arba'in ɗin Alhaji rana ɗaya, tunda mutane za su taru. Na bi, don shi ne babba.

Ranar ta zo, ƙofar gida ta cika har kan hanya. An yi waina an yi gumba, malamai sun sauke karatu. Cikin gida kuwa ya fi waje cika, mata har bakin rijiya, wasu tun asuba suka taso daga ƙauye a ƙafa, kuma ba don Alhaji suka zo ba. Duk shigar da zan yi ɗauko abinci sai in ji ana labarinta, wannan ta ce ita ta yi mata turaren aure, waccan ta ce ita ta riƙe mata ɗa a layi, ana tuna ƙwarya biyu ana dariya ana share hawaye. In na fito zaure sai in tarar kamar wata duniya ce, ba a san an yi ta ba. Da aka shafa fatiha sai Buba sanƙira ya miƙe, shi ne mai ɗaga murya a duk taron unguwarmu, abin da masu gida suka raɗa masa shi yake shelantawa. Ya ɗauko Alhaji tun daga Barno, ya bi da shi kasuwa da masallaci da majalisa, ya zo kan ƙuri'a ya daɗe a wurin, yadda Alhaji ya bi gida gida yana lallashin maza su bar matansu su fito. Da ya gaji ya sauke murya ya ce, "Sannan da mai ɗakinsa, wadda ba ta iya zama bayansa ba ta bi shi. Allah ya jiƙanta." Jama'a suka ce amin. Wani dattijo kusa da ni ya ce, "Mace ta gari ke nan, ko arba'in ba ta bari ya yi shi kaɗai ba." Abin yabonta duka ke nan, ta mutu a kan lokaci.

Na matsa kusa da Buba na raɗa masa na ce ya faɗi sunanta, ya kuma faɗi wanda ya fito da mata. Ya saci kallon Yaya Modu, ya ce mini a hankali, "Ɗan Alhaji, rufa mini asiri, da bakin nan nake ci." Ban ga laifinsa ba. Sai na ji ƙafafuna sun miƙe da ni.

Na ce, "Jama'a, salamu alaikum. Matar da muka binne shekaranjiya sunanta Kaltume."

Na ji wani ya ce subhanallahi. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Na ce, "Kaltume 'yar Barno, mai turare. Ita ta bi gida gida, ba Alhaji ba. Alhaji hana ta ya yi, ya daina cin tuwonta a kan haka. Akwai mutane a tabarmar nan da ta shiga gidajensu da ƙwarya biyu, sun sani. Allah ya jiƙan Alhaji da abin da ya yi, ita ma Allah ya jiƙanta da abin da ta yi."

Ba wanda ya ce amin. Waɗanda suka sani suka dubi ƙasa. Yaya Modu ya taso, bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ka tona uwarka a titi, ka ƙaryata ubanka a kabari, duk a numfashi ɗaya. Fita mini daga nan." Wani kawunmu ya ja ni ta hannun riga ya kai ni bayan gida kamar mahaukaci.

A nan wata tsohuwa ta same ni, Dada Asta, Bafulatana daga Wuro Patuji mai kawo nono, aminiyar Iya tun kafin a haife ni. Ta ji komai daga cikin gida. Ta tsaya ta dogara sandarta ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Kai yaro ba ka da kunya. Ɗa ba ya kama sunan uwa a gaban maza."

Na ce, "Na sani, Dada."

Sai ta ce, "Kaltume. Ashe haka ne sunan. Mun tsufa tare, ni ban sani ba." Ta sake faɗarsa a hankali kamar mai ɗanɗana gishiri a miya, ta goge ido da bakin zane, ta wuce.

Abin da ya biyo baya kun san shi, don a cikinsa kuka tashi. Yaya Modu ya ce ba za mu zauna rumfa ɗaya ba, kuma 'yan kasuwa suka bi bayansa, don ba mai son hulɗa da wanda ya ƙaryata ubansa a bainar jama'a. Na bar gidan Yelwa na kama haya a Lamorde, na koyi ɗinki da girmana a wurin yaron da na girme shi. Ɗan Alhaji Bukar ya koma taka keke a bakin hanya. Shekaru ana nuna ni da baki, ga mai kiran sunan uwarsa can. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mini ƙarya na yi. Laifina dai na faɗa.

Da aka haife ki, ke babbar 'yata, na sa miki sunanta. Na ɗauka na yi dabara, yanzu dole a faɗe shi. Ina! Tun ranar suna mata suka ce ai ba a kiran sunan uwar miji gatsau, suka laƙaba miki Yagana, wato ƙaramar uwa, yadda ake yi a gidajen Barebari. Har mahaifiyarki ta bi su, ta ce bakinta ba zai iya ba. Sunan da na tono suka sake binne shi a jikin jaririya. Ni kaɗai na ƙi. Shi ya sa kika taso kowa na ce miki Yagana, ubanki kaɗai ke tsayawa a ƙofar gida ya ƙwala miki Kaltume har maƙwabta su ji.

Sau ɗaya Yaya Modu ya taka ƙofata. Kina 'yar ƙarama kina wasa da ƙyallaye a gindin kekena, ya zo wucewa za shi wata gaisuwa, ya gan ki ya tsaya cak, don goshinki da idonki nata ne sak. Bai gaishe ni ba, ni ma ban ɗago ba. Ya tsuguna da babbar rigarsa a cikin ƙasa ya ce, "'Yan mata, yaya sunanki?"

Kika ce, "Kaltume."

Na tsayar da keke ina kallon bakinsa. Leɓensa ya motsa, ya haɗa harafin farko. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗora hannu a kanki ya ce, "Allah ya raya ki, Yagana." Ya miƙe ya tafi yana goge fuska da hannun riga, bai waiwayo ba.

Ni in na mutu ku faɗi abin da kuka ga dama, ko ku yi shiru, tela ne ya mutu. Amma mahaifiyarku, wadda ta bi ni gidan haya ta yi ta suyar ƙosai har kuka yi karatu, sunanta Adama. Ran da tata ta zo, in ba na nan, kada ku bar sanƙira ya ce mai ɗakin wane. Ɗayanku ya miƙe a kan ƙafarsa ya faɗe shi da ƙarfi, yadda na bayan tabarma zai ji ba sai ya kawo kunne ba.